Filin Masu Sana'a: Wace Caja Ce Ta Dace da Keke ko Motar da Aka Mayar Mai Batir?

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, makanikai da 'yan rewaya suka duƙufa sauke injin keke da babur da ƙananan motoci suna ɗora musu batir. Aikin Mustapha Gajibo a Maiduguri, wanda ya mayar da bas-bas masu shan mai suka koma masu lantarki, ya ƙara wa jama'a ƙwarin gwiwa. Inda aka fi sakaci shi ne caja: mutum ya zuba maƙudan kuɗi a batir, sannan ya shiga Taminus ya sayo masa cajar da ta fi kowace araha. Wasiƙun wannan watan a kanta suke, daga Jos da kewaye, kuma injiniyoyin lantarki da masu haɗa batir na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An mayar min da kekena mai batir 72V, sai cajar da aka haɗo min ta ƙone. Na shiga kasuwa na ga kala uku, duk an rubuta musu 72V, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Tunda lambar ɗaya ce, ba sai in ɗauki mai sauƙin kuɗin ba?
Daga mai keke, Rikkos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya tukuna. Wannan 72V suna ne kawai da ake kiran batirin da shi. Lambar da ta shafe ka ita ce inda caja take tsayawa idan batir ya cika, kuma tana cikin ƙananan rubutun bayan cajar, wajen da aka nuna wutar da take fitarwa. Da ka juya cajojin nan uku, mai yiwuwa 84V za ka gani a ɗaya, 87.6V a ɗaya, ta ukun kuma wajen 88V.

Litiyom iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu haɗa keke. Akwai LFP, wanda kowace ƙwayarsa take cika a 3.65V; an jera 24, cikarsu 87.6V ke nan. Akwai NMC da danginsa, irin ƙananan ƙwayoyin 18650 da ake cirowa daga batirin laftof, masu cika a 4.2V, guda 20 a jere sun ba da 84V. Sai batirin dalma, mai ruwa ko busasshe, guda shida 'yan 12V, kowane yana son 14.4V zuwa 14.7V, jimilla 86V zuwa 88V. Duka ukun "72" ake ce musu a kasuwa.

To, a ce ka jona cajar 87.6V a NMC mai ƙwaya 20. Raba lambar gida ashirin: kowace ƙwaya za a tura ta 4.38V. Ƙwayar da aka ƙetare mata iyaka, litiyom yakan fara daskarewa a cikinta, ta yi zafi, ta kumbura, kuma idan ta kama, ita ce ke kunna ta kusa da ita har akwatin ya ƙare. In kuwa cajar 84V ce a kan LFP mai 24, kowace ƙwaya 3.5V ta samu: babu haɗari, batirin ma ya kusa cika sarai, kuma masu haɗa batir da yawa da gangan suke tsayawa a nan don ya daɗe. Kuskuren da ya yi ƙasa nisan tafiya yake rage maka, wanda ya yi sama gida yake ƙonawa.

Haka rikicin yake a "60", inda ake samun 67.2V da 71.4V da 73V, da kuma a "48", inda ake samun 54.6V da 58.4V da 58.8V.

Koma wurin wanda ya haɗa batirin ya faɗa maka irin ƙwayar da adadinta, a rubuta da fenti a jikin akwatin. Idan BMS ɗinka, wato allon da ke kula da ƙwayoyin, mai Bluetooth ne, manhajar waya za ta nuna maka su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka bar shago a sa maltimita a bakin cajar; in ta haura lambar da aka rubuta da fiye da kashi 1 cikin 100, bar musu kayansu. Wasu cajojin ba sa fitar da wuta sai sun ji batir, irinsu a ƙarshen caji ake auna su.

Tambaya: Oga, ni ɗan rewaya ne. Kwastomana ya canza batirin dalma zuwa LFP mai ƙwaya 24, yana so ya ci gaba da tsohuwar cajarsa. Na ce masa ba komai, ai BMS zai yanke idan ya cika. Na yi daidai?
Daga ɗan rewaya, Dilimi

Amsa: Ba ka yi daidai ba, ɗan'uwa, kodayake ba kai kaɗai ke faɗin haka ba.

Cajin litiyom kamar cika jarka ne a famfo: ka sake ruwan har ya kusa wuya, ka riƙa rage shi, ya kai baki ka rufe. Da farko caja tana tura amfiya tsayayye, a ce 20A, boltej yana hawa. Ya kai 87.6V sai ta riƙe shi a nan, amfiya ya riƙa sauka da kansa. Idan ya sauko kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girman batirin, wato 5A ga mai 100Ah, sai ta kashe gaba ɗaya. Wannan kashewar ita ce babu a cajar dalma. Ita takan sauko 13.5V zuwa 13.8V ga kowane batir ta zauna a nan har gari ya waye, domin dalma yana son haka. Litiyom kuwa tsufa yake yi idan aka riƙe shi a cike ana ta ɗura masa. Mafi muni, wasu cajojin dalma suna da matakin wanke batir da kan haura 15.5V, sau shida 93V ke nan, kusan 3.9V a kan ƙwayar da iyakarta 3.65V.

Batun BMS fa? Shi mai gadin ƙarshe ne, ba makunnin yau da kullum ba. Da 'yan MOSFET, wato ƙananan makunnan lantarki, yake yankewa, kuma MOSFET idan ya mutu yawanci a haɗe yake mutuwa, ba a yanke ba. Keke zai ci gaba da tafiya lafiya ƙalau, babu alamar komai, amma daga ranar babu mai tsayar da caji. Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. BMS na yankewa ne da zarar ƙwaya ɗaya ta riga saura kaiwa iyaka. Daidaita ƙwayoyi kuwa a ƙarshen caji ake yin sa, lokacin da amfiya ya yi ƙasa, kuma BMS na gama-gari 30mA zuwa 100mA kawai yake iya ragewa daga ƙwayar da ta yi gaba. In kullum ana yanke caji kwatsam, bai samu lokacin wannan aikin ba. Bayan wasu watanni mai keke zai dawo maka yana cewa batir ya mutu, alhali ƙwaya ɗaya ce ta yi gaba ta bar 23 a baya.

Abin da ake so shi ne BMS ya umarci cajar, ita ta tsaya da kanta. Mafi sauƙi, caja mai siraran wayoyi biyu na izini: suna haɗe tana aiki, BMS ya raba su ta tsaya. Babu wannan, a sa rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, a ɓangaren wutar gida wanda BMS zai riƙa saki. Sama da wannan akwai masu magana da BMS ta layin sadarwa da ake kira CAN, irin na kamfanonin TC da Elcon: kowace daƙiƙa BMS na aika mata iyakar boltej da amfiya, in ta yi daƙiƙa biyar ba ta ji shi ba sai ta kashe. Amma kada ka sayi mai CAN sai ka tabbatar BMS ɗin yana jin yarenta, in ba haka ba ko tashi ba za ta yi ba. A ƙara da agogon tsaro, wanda zai kashe ta bayan awa takwas ko goma ko da komai ya gaza.

Tambaya: Babur ɗina batirin dalma ne guda shida. Da hunturu ba ya cika sosai, da bazara kuma ruwansa ƙafewa yake. Laifin caja ne?
Daga wani mai karatu, Bukuru

Amsa: Da hannunta a ciki. Dalma yana son boltej ya bi yanayi, kusan 4mV ga kowace ƙwaya a kan kowane digiri ɗaya da aka kauce wa 25°C. A daren Janairu da sanyin Jos ya sauko 10°C, kowane batir na buƙatar ƙarin kusan 0.36V, su shida sama da 2V ke nan. Cajar da ba ta san da sanyi ba sai ta bar su ba su ƙoshi ba, gishiri ya daskare a farantansu. A shagon kwano mai 35°C kuma ragi suke so, in ba a rage ba su tafasa. Nemi caja mai wayar jin zafi da ake mannawa a jikin batir. Masu litiyom ba sa buƙatar wannan gyaran. Su dai kada a yi musu caji a ƙasa da 0°C ko sama da 45°C, kuma a rage amfiya a daren da sanyi ya tsananta.

Tambaya: Ina da keken dakon kayan gwari, LFP 72V 100Ah. Cajarsa 10A ce, sai ta kwana tana aiki, ga soket ɗin ya yi baƙi. An kawo min tallar mai 40A. In saya?
Daga wata Hajiya, Farin Gada

Amsa: Hajiya, batirin zai iya ɗauka, bangon gidanki ne abin dubawa.

Yawancin ƙwayoyin LFP suna karɓar har rabin girmansu, wato 50A ga 100Ah, amma sun fi daɗewa a 20A zuwa 30A. Idan keke ya dawo da saura kashi 20 cikin 100, 80Ah za a mayar: awa takwas a 10A, awa huɗu a 20A, awa biyu a 40A, da ƙarin rabin awa ko awa guda na ƙarshen caji.

Yanzu a juya ɓangaren soket. Caja mai 40A a 87.6V tana fitar da wat 3,500. A ƙara wanda take ɓatarwa a zafi, kusan kashi 10 cikin 100, daga bango wat 3,900 take ja, wato 17A a 230V. Soket ɗin gida mai ƙafa uku 13A ne iyakarsa, kuma ga kayan da zai yi awanni yana ja bai kamata a wuce masa 10A ba. Mai 20A kuwa wat 1,950 take ja, 8.5A. Ita ce babbar cajar da soket na gama-gari zai ɗauka cikin kwanciyar hankali.

Baƙin da kika gani ba girman caja ba ne ya jawo shi, domin mai 10A ba ta jan abin da zai ƙona lafiyayyen soket. Ko dai haƙoransa sun saki, ko sukurun da ya riƙe waya ya kwance. Duk inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, zafin ya ƙara sassauta shi. A canza shi yau, da filogin duka. A ja wa caji layinsa daban daga akwatin rarraba wuta: waya 2.5mm² ta jan ƙarfe, bireka 16A, da soket 15A irin na na'urar sanyaya ɗaki ko shuɗin soket na masana'anta. In lallai sai mai 40A, to waya 4mm², bireka 25A, shuɗin soket 32A. Doguwar wayar jone ta kasuwa kuwa a nisance ta. Mai kaurin 1mm² da tsawon mita 30 tana cinye 13V idan ana jan 10A, wat 130 ke nan na zafi a cikin roba, in tana naɗe narkewa za ta yi. Mai 2.5mm² kusan 5V take ci. Kafin ki biya kuɗin waya a kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa ja.

Mu da za mu zaɓa miki, caja mai canjin amfiya za mu ɗauka: 10A ko 15A da dare tunda babu gaggawa, 30A da rana in direba ya tsaya cin abinci. A duba takardar BMS ma, domin da yawansu amfiyar da suke yarda ya shiga rabin wanda suke bari ya fita ne. Kuma keken da ya hawo tudu da lodi a bar shi ya huce rabin awa kafin a jona.

Tambaya: Da magariba wutar layinmu ba ta wuce 170V, cajata sai ta riƙa kamawa tana saki. Na mayar da ita janareta 2.5kVA, shi kuma ya riƙa nishi yana hayaƙi, alhali cajar wat 1,500 ce. Ina matsalar take?
Daga mai babur, Anguwar Rogo

Amsa: Matsala biyu ce, Malam, kuma duk a bayan cajar aka rubuta amsarsu.

Ta farko, faɗin wutar da take karɓa. Masu araha 200V zuwa 240V suke so, ƙasa da haka su saki. Nagartattu suna aiki daga 90V har 265V, kuma idan wuta ta yi rauni sukan rage caji da kansu maimakon su mutu. Ka tuna, wuta na raguwa amfiya na ƙaruwa: cajar da ke jan 8.5A a 230V, 11.5A za ta ja a 170V. Shi ya sa filogi ya fi zafi a daren da wuta ba ta da ƙarfi.

Ta biyu ita ce PFC, wato sashen da ke daidaita yadda caja ke shan wuta. Cajar da ba ta da shi ba ta shan wuta a hankali. A ƙololuwar kowane zagaye take fizga, sai janareta ya ji nauyin da ya fi wat ɗinta nesa ba kusa ba. Taka mai fitar da wat 1,500 tana jan kusan 1,700. In lambar PF ɗinta, wato ma'aunin wannan daidaiton, 0.6 ce, janareta 2,800VA yake ji. In 0.98 ce, ƙasa da 1,750VA. Ga shi 2.5kVA da aka rubuta masa ƙarfin ɗan lokaci ne, na dogon aiki bai kai nan ba. Ga kuma Jos kanta: tudun da muke kai wajen mita 1,200 ne, iska ba ta da kauri, injin fetur kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Janaretan da ya ja kaya a Legas, a nan ya rasa fiye da kashi goma tun kafin a jona masa komai.

Nemi wadda aka rubuta wa PF 0.98 ko 0.99. In ba ka yarda da rubutun ba, a ɗora kilam-mita a wayar shiga tana tsakiyar caji, a ninka amfiya da boltej. Idan sakamakon ya ninka wat ɗin da take fitarwa sau ɗaya da rabi ko fiye, babu PFC. A janareta kuma, a bar shi ya daidaita kafin a jona caja, a cire ta kafin a kashe shi.

Tunda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, gwada abu biyu a shago. A zare filogi tana caji a mayar: ta ci gaba da kanta, ko sai an danna wani abu? Wadda ke jiran dannawa za ta bar ka da batir rabi da asuba. Sannan idan babu wuta, kada ta riƙa tsotsar batir ta baya. Mai rile a bakin fita ba ta yin haka.

A gabanta a sa na'urar kariyar boltej mai lambobi, irin da ake ɗaurawa kusa da bireka. A saita ta ta yanke a 250V, ta kuma jira minti ɗaya ko biyu bayan an kawo wuta. Ita ce za ta cece ka ranar da nutural ya tsinke a fol, lokacin da soket kan iya ganin kusan 400V. Ba ta tare tsawa, wannan aikin SPD ne, wato na'urar kariya daga fizgar wuta, da atin mai kyau, wayar da ke kai wuta ƙasa, kuma da damina in hadari ya haɗo zare filogi ya fi duka. In sitabilaiza za ka sa, ƙarfinta raguwa yake idan wuta ta yi ƙasa, don haka caja mai kilowat 2 sai mai 5kVA.

Tambaya: Ina da sola a gida, batir mai ruwa huɗu 200Ah. Zan iya cajin keke da ita cikin dare?
Daga wani magidanci, Tudun Wada

Amsa: Ba za ta kai ka ba. Huɗun nan kilowat-awa 9.6 ne a takarda, rabinsa ne kawai za ka taɓa in kana son su daɗe, wato 4.8. Keke mai LFP ƙwaya 24, 100Ah, yana ɗaukar kusan 7.7, kuma mayar masa kashi 80 cikin 100 yana cin yunit kusan 6.8 daga soket. Caji da rana ya kamata, faranti na ciyar da inbata kai tsaye. Faranti huɗu 'yan wat 550 za su yi a rana mai haske, a Agusta ba za su yi ba, kuma inbatar ta kasance mai tsabtatacciyar wuta, 3kVA ko sama. Matsalar dai da rana keke yana titi, shi ya sa wasu ke haɗa akwatin batir biyu suna musanyawa. A wutar gwamnati, a farashin ₦225 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sanar wa rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, yunit 6.8 ya kama ₦1,530. Duba rasit ɗin katinka ka ninka da naka. Caja mai ingancin kashi 93 da mai 80 bambancinsu yunit guda ne a kowane caji.

Tambaya: Idan keke yana caji na taɓa ƙarfensa sai in ji yana ja na kaɗan-kaɗan. Wanda ya haɗa min cajar ya ce haka suke.
Daga mai keke, Gangare

Amsa: Ba haka suke ba. Daina amfani da ita daga yau, kuma kada yara su kusanci keken yana jone.

Ɗayan biyu ne. Mai sauƙin, babu atin a gidan, sai 'yan kafasitocin tace wuta da ke cikin caja su zubo ɗan abin da ya kamata ya bi ƙasa a jikin ƙarfe. Mai haɗarin, cajar ba ta raba wutar gida da batir ba. Ana haɗa irinsu da dayod da kafasita kawai, babu taransifoma a tsakani, don sun fi araha da sauƙin nauyi. A irin wannan, kan batir ɗinka a haɗe yake da layin 230V. Mutum ya taɓa shi ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, sai dai wani ikon Allah.

Gwajin ba wuya. A cire cajar daga bango da batir, a bar ta minti biyar. A sa maltimita a ma'aunin om tsakanin ƙafar filogi da kowace wayar fita: bai kamata ya nuna haɗi ba. Mai mega, na'urar gwada rabewar wuta, ya gwada a 500V, ya wuce megaom ɗaya. Tsakanin doguwar ƙafar atin da jikin cajar kuwa, ƙasa da om ɗaya ake so.

A gida a kafa sandar atin mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.8. Ƙasar Jos dutse ce a wurare da yawa kuma tana bushewa da hunturu, don haka a nemi inda ke da laima, ko a kafa biyu a haɗa su. A layin caji a sa RCD, wato bireka mai yankewa idan wuta ta zuba ta bi jiki ko ƙasa, mai 30mA, nau'in A, ana danna maɓallin gwajinsa duk wata. A duba keken ma: batirin da ya haura 60V bai kamata a ɗaure wayarsa baƙa a jikin ƙarfe ba. Ƙaramar na'urar da ke sauko da wuta 12V don fitila da ham, mai araha takan yi wannan haɗin a ɓoye. A sa mai rabewa.

Tambaya: A ɗaura caja a jikin keke ko a bar ta a gida? Kuma filogin cajina irin na kwamfuta ne, yana tartsatsi.
Daga wani makanike, Katako

Amsa: Cajar roba mai fanka a gida aka yi ta ta zauna. Ka ɗaura ta a keke, ramukan hanya su karya ƙafafun manyan kafasitocinta, fanka ta zuƙo ƙurar hunturu ta shimfiɗa a allo, laimar damina ta mayar da ƙurar hanyar wuta. Wadda za ta hau keke sai mai jikin alminiyom a rufe ruf, mai lambar kariya daga ƙura da ruwa IP65 ko IP67, a kan roba mai shan girgiza, inda iska ke ratsawa, ba a manne da batir ba. Zafi ne ajalin caja: ƙarin 10°C yana raba kwanan kafasita biyu. Ta gida ma a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure mata ƙura, kada a lulluɓe ta da tsumma. In a jiki take, a sa rile da zai hana kwantarola, mai sarrafa injin keke, tashi muddin filogi na jone, don kada direba ya ja keke da wayar a bango.

Filogin kwamfuta a cire shi. Na wutar gida ne mai 10A, kamfanoni ba su daidaita wace ƙafa ce ja wace ce baƙa ba, kuma wata rana wani zai ɗauko wayar kwamfuta ya zura 230V kai tsaye cikin batir. A sa filogin batir irin Anderson SB50, ko XT90-S mai hana tartsatsi. Tartsatsin kafasitocin caja ne ke fizgar wuta daga batir lokaci guda, kuma yana cinye bakin filogi a hankali. A wayar caji, dab da batir, a sa fiyus na DC mai boltej sama da na batirin, 25A ko 30A ga caja mai 20A. Birekar gida ba ta kashe harshen wutar DC. Cajar kanta ta zama mai ƙin tashi in an juya mata waya.

Tambaya: Mu ɗalibai ne, muna mayar da tsohuwar Volkswagen Beetle mai batir, LFP ƙwaya 45, 100Ah. Muna so ta iya shan wuta a tashoshin caji irin na Abuja.
Daga wasu ɗaliban injiniya, Naraguta

Amsa: Madalla da wannan aiki. Tashoshin suna ƙaruwa tun bayan wadda hukumar bunƙasa ƙera motoci, NADDC, ta buɗe mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, zamanin shugabanta na lokacin, Jelani Aliyu. Ku sani tashar AC ba caja ba ce, makunni ce mai ba da 230V idan mota ta nemi izini. Cajar tana cikin motarku. Ƙwaya 45 cikarsu 164.25V. Caja mai kilowat 3.3 za ta ba ku wajen 20A, kusan awa biyar daga ƙasa, tana jan 16A daga tasha.

Kuna buƙatar mashigar Type 2, wato bakin cajin mota irin na Turai, da ɗan allon da zai amsa wayar sigina. Tasha tana aiko 12V. Dayod da rasista 2.74kΩ a motarku su sauko da shi 9V, alamar an jona. Ku ƙara 1.3kΩ a gefensa ya koma 6V, sai tasha ta saki wuta. Siginar tana bugawa sau 1,000 a daƙiƙa, kuma faɗin bugun a ninka da 0.6 shi ne amfiyar da aka yarje muku: kashi 16.7 na nufin 10A, 26.7 na nufin 16A, 53 kusan 32A. Cajarku ta iya rage jan wuta bisa wannan lambar, in ba haka ba tashar da ta ba da 10A za ta yanke ku. Ku duba bakin tashar kafin ku sayi mashiga, domin bakin GB/T na motocin Sin yana kama da Type 2 amma ba ya shiga. Cajin DC mai sauri kuwa ku ajiye shi gefe: yana buƙatar BMS mai magana da tasha, kuma tashoshi da yawa ba sa saukowa ƙasa da 200V.